Anti Nauyi da Muryar Iya

Farkon jin sunanta da na yi, daga bakin Yayana ne, kuma cikin ɓacin rai. Ya dawo daga gonar Kawu, ya jefar da jakarsa a kan kujera, ko gaisuwar kirki bai yi wa Mama ba ya ce, "Ni dai duk abin da za a yi a yi, amma kada wanda ya ce in je wurin Anti Nauyi. Dariya za ta yi mini har maƙwabta su taru."

Na leƙo daga kicin da kumfa a hannuna. "Wace ce kuma Anti Nauyi? Ƙiba gare ta?"

"Ƙiba? Matar da ko fanka aka ƙure sai an riƙe ta?"

Bari in faɗi abin da ya kai shi gonar. A gidanmu ni ce mai ajiye kayan tarihi. Tsofaffin hotuna suna wurina, kuma duk wanda ya manta wa ya haifi wa, ni yake kira. Amma akwai abu ɗaya da ba ni da shi. Kakarmu Iya, mahaifiyar Mama, ta rasu kafin a haife ni. Na san fuskarta, na san gibin haƙorinta, amma ban taɓa jin muryarta ba. Lokacin da kakanmu Baba Tsoho yake aikin gina hanya a nesa, Iya takan yi masa magana a kaset ta aika masa. Biyu suka rage daga cikinsu, suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa, kuma ya rantse ba za su bar ɗakin ba. Shi kuwa yana zaune ne a gonar Kawu, can bayan duwatsu, inda babu sabis ko na kiran waya, balle intanet.

Kawu yana da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur mai aiki da sola. Sai Yaya ya samo 'yar na'urar da ke haɗa rikoda da kwamfuta, ya sauke manhajar ɗaukar sauti a filashi, ya tafi da murnarsa. Ya ce kafin ya ƙifta ido ta gama sauka, har ya yaba wa kansa. Da ya isa ya buɗe ta, sai ta ce masa ya haɗa da intanet tukuna. A bayan duwatsu!

Abin bai tsaya nan ba. Baba Tsoho ya ji tausayinsa, ya ce tunda ya sha hanya, bari su saurari ɗaya ko ba a ɗauka ba. Rikodar ta tauna kaset ɗin, ta fito da shi kamar tarin zare. Yaya ya ce tsohon bai yi faɗa ba, ya dai zauna yana ƙoƙarin naɗe shi da biro har ya gaji. Sannan ya ce, "Saura ɗaya. Sau ɗaya za a kunna shi, kuma sai abin naku ya shirya kamawa. In kuka sake zuwa mini da shirme, kada wanda ya ƙara yi mini zancen. A bar ni da abina."

Tunda Yaya ya ƙi, ni na karɓi filashin na tafi.

Shagonta yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da magani da mai yanka makulli. In ka shiga, ɗumin injin fotokofi ne zai fara tarbarka, sai fanka da aka ɗaure wuyanta da waya, sai kwamfutoci biyu, ɗaya a gaba, ɗaya tsohuwa a lungu an lulluɓe ta da zani. A tsakiyarsu ga wata siririyar mata da tabarau a rataye da igiya. Na gaishe ta, na zayyana mata komai. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan manhajar.

"Nawa ne nauyinta?"

Nan take na gane inda sunan ya fito. Na ce ban sani ba. Ta soka filashin, ta ɗora tabarau a hanci, sai ta ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur.

"Megabait biyu! Mai makulli, zo ka ga abin da aka ɗauka zuwa bayan duwatsu!" Ta juyo gare ni tana share ido. "'Yata, wannan ba kaya ba ne, ɗan aike ne. Aikinsa kawai ya ruga intanet ya ɗauko ainihin kayan. A nan gari ba laifi, zai je ya dawo. Amma inda babu hanya, ina zai bi? Ke abin da kike so shi ne cikakken, wanda ya zo da komai nasa a jiki. Wa ya sauke wannan?"

"Yayana."

"Dogon nan mai saurin tafiya? Ai na san shi. Ki ce masa ina gaishe shi."

Ta jawo mini kujera kusa da ita, ta buɗe shafin waɗanda suka ƙera manhajar. Ta ce ita ba ta ɗaukar kaya a hannun ɗan tsakani, sai daga masu shi, don ba ta son a haɗo mata da ƙwarin nan masu lalata kwamfuta. A tsakiyar shafin ga wani ƙaton maɓalli kore yana ƙyalli. Hannuna har ya tafi kan maus, ta ɗan buge shi.

"Wannan na masu gaggawa ne. Shi Yayanki ya danna. Gangara ƙasa. Ƙara gangarawa. Kin ga wancan ƙaramin rubutun da ya ɓuya kamar mara gaskiya? Shiga nan."

Muka shiga, sai ga jerin fayiloli, kowanne da nauyinsa a gefe. Ta sa farce a kan ɗaya mai megabait ɗari da wani abu. "Yauwa! Ga mutumin. Wannan ko a tsakiyar teku kika kai shi zai zauna."

Wallahi sai na ji kamar an buɗe mini wata ƙofa a cikin gidan da na daɗe ina shara ban san da ita ba.

Kafin ta danna, ta ce sai ta san irin kwamfutar da za a ɗora wa. Muka aika wa Kawu saƙo ta hannun direban da ke kai masa taki. Washegari ina shagon, ya samu saƙon ya hau dutsen da ake kama sabis, ya kira yana haki. Anti ta ƙure murya, duk layin shagunan na ji.

"Malam, a cikinta an rubuta talatin da biyu ne ko sittin da huɗu?"

"Babbar dai! Ai kwamfutar babba ce, mutum biyu suka shigo da ita!"

"Ka duba da idonka kuwa?"

"Hajiya, iska za ta jefar da ni daga kan dutsen nan. Babbar ce!"

Ta ce to madalla, ta kashe wayar, ta danna fayiloli duka biyun, na talatin da biyu da na sittin da huɗu.

Saukar ta ɗauki lokaci, kuma a cikin wannan jiran na san ko wace ce ita. Tana aiki tana ba ni labari, hannu ɗaya na jera takardun masu fotokofi. Da tafireta ta fara, tana budurwa. Daga baya aka tura ta wani ƙaramin ofis a ƙauye, aka ajiye mata kwamfuta, intanet kuwa sai ta rataye na'urar a taga, ya zo ya gaishe ta ya wuce. A can ta koyi cewa duk abin da ba ya hannunta, ba nata ba ne. In ta shigo gari sai ta kwashi cikakkun manhajoji ta koma da su, har ma'aikatan asibiti da malaman makaranta na can suka riƙa zuwa wurinta ɗiba. Mijinta ya rasu 'yarsu tana ƙarama. Ta raine ta a ƙarƙashin wannan matakalar, yanzu 'yar tana aure a nesa da yara biyu. Ta buɗe aljihun tebur ta nuna mini wani ƙaramin akwatin ajiya a cikin safa ta saƙa.

"Rumbuna ke nan. Duk abin da na taɓa saukewa cikakke yana nan. Sabo ya fito, in sauke, amma ba na zubar da tsohon, don tsofaffin kwamfutoci ma mutane ne."

Duk wanda ya shigo sai ta sanar da shi inda aka kai. "Mun wuce rabi!" Mai magani ya leƙo ya ce Allah ya ƙarasa. Da sabis ya ɗauke ana dab da gamawa, na dafe kai, ita kuwa ta ce, "Bar shi, numfashi yake yi." Ya dawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da ya cika na yi tsalle na miƙa hannu in karɓi filashi.

"Ina za ki? Ai yanzu aka fara."

Ta yaye zanin tsohuwar kwamfutar lungu, ta sunkuya ta zare wayar intanet daga bayanta, wata doguwa shuɗiya, ta rataya ta a wuya. Mai makulli ya hango ta ƙofa ya daka tsawa, "An sa sarƙa! Kowa ya kama bakinsa!" Har ya kashe injinsa.

Ashe haka take yi kullum. Ba ta yarda abu cikakke ne don an rubuta cikakke. Sai ta mayar da kwamfutarta kamar tana daji, ta ga ko zai shiga. Muddin wayar tana wuyanta, ko wa ya zo da aiki sai ya jira.

Ta danna. Koren layi ya fara tafiya, yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya cak. Wani akwati ya fito yana cewa akwai wani abin tallafi da manhajar ke bukata, babu shi a kwamfutar, a haɗa da intanet. Na hango fuskar Baba Tsoho da gwangwaninsa.

Anti kuwa tafi ta yi. "Na kama ka! Munafuki, so kake sai an kai ka gona ka ba ni kunya?" Ta koma kwamfutar gaba ta nemo abin tallafin, shi ma cikakkensa, ta haɗa da direban 'yar na'urar Yaya. Ta ce direban nan ba na mota ba ne, shi ne ke gabatar da na'ura ga kwamfuta su san juna. Ta sake gwadawa tun daga farko, sarƙa a wuya. Wannan karon layin ya tafi har ƙarshe. Ta cire sarƙar, mai makulli ya kunna injinsa, shago ya dawo da hayaniya.

Da na koma gida da labari, na tarar da Yaya yana ta aiki. Ashe ya taho da rikodar daga gona, duk kwanakin nan yana ɗaki ya kwance ta gaba ɗaya. Ya sauya mata bel, ya goge kan da ke karanta kaset, ya gwada ta da tsofaffin kasakasan waƙa har muka gaji da ji. Shi da kansa ya ɗauke ta ya bi ni shagon.

Dariyar dai sai da aka yi masa. "Maraba da uban ɗan aike!" Amma da ta sa kaset ta kara kunne ta ji yadda yake juyawa sumul, sai ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ka gyara wannan? To hannunka ya fi ƙafarka hankali. Da ba don kai ba, duk kayana banza ne." Yaya ya sosa ƙeya yana murmushi.

Sai ta ce, "Yaushe ne tafiyar? Da ni za a je."

Mai makulli ya ce tunda yake bai taɓa ganin ƙofar nan a rufe da rana ba. Ta ce to yau zai gani, kuma in ya ga dama ya yanka wa kansa makulli ya shiga ya yi wa mutane fotokofi.

Mu huɗu muka tafi, ni da Mama da Yaya da ita, rumbu a cikin safa a kan cinyarta, ta rungume shi duk inda mota ta faɗa rami. Mun isa rana tana tsaka. Baba Tsoho yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya dube ni ya ce, "'Yar tarihi, kin zo ki ƙarasa cinye mini na biyun?" Na ce, "Tsoho, yau da runduna na zo." Ya dubi Anti sama da ƙasa. "Wannan ce rundunar? A ba ta abinci tukuna."

Kawu da Yaya suka kinkimo kwamfutar zuwa ɗakin tsohon, aka jawo waya daga batirin sola. Ɗakin ƙarami ne, gado, kujera ɗaya, tagar katako, sai ƙamshin man zafi. Anti ta zauna, ta soka filashi, ta danna fayil na farko. Kwamfutar ta ce wannan ba irin nata ba ne.

Baba Tsoho ya sa ƙafa ya ƙara tura gwangwanin can ƙarƙashin gado. Mama ta kama hannuna ta matse.

"Malam," in ji Anti, ko juyowa ba ta yi ba, "babbar ce ko?"

Kawu ya ce, "To ai ga ta nan kina gani, ƙarama ce?"

"Jikinta babba ne, cikinta talatin da biyu." Ta gangara ta danna na biyun, wanda ta sauke ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba. Abin tallafi ya shiga. Direba ya shiga. Koren layi ya kama hanya, mu duka muka sunkuya kansa kamar masu kallon tsere. Kawu yana cewa, "Je ka, je ka, ɗan albarka!" Da ya kai ƙarshe manhajar ta buɗe, Yaya ya yi wani ihu da sai da kaji suka watse a waje.

Anti ta ce ba a taɓa na Iya ba tukuna. Aka sa kaset ɗin waƙa, aka ɗauka, aka sake kunnawa daga kwamfuta, tsohon ya ji da kunnensa. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya sunkuya da kansa, ya ƙi a taimaka masa, ya jawo gwangwanin. Ya hura kaset ɗin, ya goge shi da gefen riga, ya miƙa wa Yaya.

Anti ta danna jan maɓalli. Yaya ya danna nasa.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai ƙarar kujera. Sai layin da ke kan allo ya yi tsalle, wata murya ta fito, siririya, mai sauri, da ɗan kaushi a ƙarshenta:

"Yana ɗauka? Kai, wannan abin yana ji na kuwa? To. Maigida, ka tafi ka bar takalminka na ruwa, sai ka yi ta yawo a taɓo kamar agwagwa, ni ba ruwana."

Na toshe bakina da hannu biyu. Muryar Mama ce, amma ba Mama ba ce. Yadda take jan "to" ɗin nan, haka nake ja, ban taɓa sanin daga ina na samo ba!

Ta ba shi labarin rufin da ke yoyo, da maƙwabciyar da ta ari tukunya ta dawo da wata daban. Can sai jariri ya tsala kuka a bayanta, ta ce, "Ka ji 'yarka ko? Bakinta irin na danginku." Mama ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba, don ita ce jaririyar. Sai Iya ta tafi rarrashi ta manta da rikoda a kunne. Aka daɗe ba magana, sai takun ƙafa, da ƙarar murfin tukunya, da ita tana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa.

Wajen ƙarshe kaset ya fara ƙiƙi-ƙiƙi. Yatsan Yaya yana kan maɓallin tsayarwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Anti ta ɗaga masa hannu, ya dakata. Muryar ta ɗan yi rawa, ta miƙe, ta ce, "Sai ka dawo. Ka ci abinci." Rikoda ta yi ƙas, ta tsaya da kanta.

Anti ta adana. Ta kwafa a filashi, ta kwafa a rumbunta, ta bar ɗaya a kwamfutar Kawu. Sai a lokacin ta sauke numfashi ta cire tabarau.

Baba Tsoho ya share maƙogwaro. "Yanzu in an sake kunnawa, ba abin da zai tsinke?"

Na ce, "Ko sau dubu, Tsoho."

"To me kuke jira? Ku maimaita mini wurin agwagwar nan. Ƙarya take yi, ban manta da takalmin ba, ita ta ɓoye shi don in dawo."

Aka yi ta maimaitawa har rana ta yi sanyi. Yaya ya ce in mun koma zai yanke dogon shirun nan da ƙarar tukunya, ya bar maganar zalla don a tura wa dangi. Anti ta ce ya yi guntunsa in yana so, amma kada ya kuskura ya taɓa uwar. "A cikin shirun nan take tafiya a ɗakinta. Wanda ya yanke shi ya fitar da ita daga gidan."

Yanzu muryar Iya tana wayar kowa a danginmu, kuma cikakkiyar tana wurina. Ni ma na sayi ƙaramin rumbu, na saƙa masa safa. In ƙawayena suka ce in sa musu wani abu a kwamfuta, sai in ji bakina ya ce, "Nawa ne nauyinsa?"

A hanyarmu ta dawowa ran nan, Mama da Yaya sun yi barci, Anti tana kallon duwatsu ta taga. Ta ce ita ba ta da muryar mahaifiyarta ko ta kalma ɗaya, kuma jikokinta ba su san tata ba sai a gaisuwar waya, wadda sabis ke yankewa. Sai ta dafa gwiwata.

"'Yata, ran da kika samu sarari, ki zo shago ki ɗauke ni ni ma. Ba sai na shirya ba, ki kunna kawai ki ajiye a kan tebur. Ki bar ƙarar injin, ki bar mai makulli da surutunsa, ko faɗa na yi da wani ki bar shi. In kin gama ki kai wa yaran nan duka, kada ki rage komai."